Daurama: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ma'anar Sunan, Asalinsa da Dalilin Ƙarancinsa

Daurama suna ne da kusan kowane Bahaushe ya taɓa ji, amma da wuya ka shiga gida ka tarar da yarinyar da ke amsa shi. Ko a nan Daura, inda mai sunan ta yi mulki, sai ka zaga unguwa guda kana jin ana kiran Fatima da A'isha da Hadiza da Zainab, ba ka ji an ƙwala wa Daurama kira ba. Iyaye da dama, musamman matasa masu jiran haihuwar fari, suna sha'awar sunan amma suna ɗari-ɗari da shi. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakinsu.

Mene ne ma'anar Daurama?

A taƙaice, mai Daura, wato matar da garin yake hannunta. Sunan ya ƙunshi Daura da ɗan ƙarin "ma" a ƙarshe, abin da malaman Hausa ke kira ɗafa-ƙeya. Shi ne muke ji a Galadima da Ciroma da Yarima da Kaigama, sarautun da suka zo mana daga Barno, kuma a harshen Barebari yana nuna mai abu ko wanda aka danƙa wa riƙon wani wuri. A wannan fahimta, Daurama laƙabin sarauta ne kafin ya zama sunan mutum.

Dattawan gari sun fi kawo ɗaya fuskar. Su a wurinsu sarauniyar ce farko, garin ne ya ci sunanta bayan ta taso da jama'arta daga Tsohon Birni ta kafa shi. Kowace fuska ka ɗauka, sunan yana nuni ga mace mai riƙon ƙasa, kuma ba ya rabuwa da garin da ake yi wa kirari da tushen Hausa.

A kula da abu guda. D ɗin Daurama ba mai lanƙwasa ba ce. Sunan ba shi da alaƙa da ɗaurawa, ko ta ɗankwali ko ta aure. Rubutun waya da ba ya bambanta d da ɗ ne ke sa wasu karanta shi haka.

Wace ce Daurama ta tarihi?

Kafin sarauta ta koma hannun maza, mata ne suka mulki Daura, ana ce musu magajiyoyi. Jerin sunayensu da aka adana a tarihin masarauta, wanda Baturen nan Palmer ya buga a 1928, ya kawo su goma sha bakwai. Kufuru ce farko, sai Gino, Yakumo, Yakunya, Walzamu, Yanbamu, Gizirgizir da Innagari. Ta tara ita ce Daurama, wadda ake danganta wa ƙaura daga Tsohon Birni zuwa inda garin yake a yanzu. Bayanta aka yi Gamata, Shata, Batatuma, Sandamata, Jamata, Hamata, Zama, sannan Shawata, wadda ta rufe jerin. Rubutun wasu sunayen yakan ɗan bambanta daga wannan littafi zuwa wancan, kamar yadda duk abin da ya daɗe a baki kafin ya hau takarda yake.

Duk wanda ya karanta jerin nan a bayyane zai ji irin Hausar da ke cikinsa. Babu ko ɗaya da ya yi kama da sunayen da muke saka wa 'ya'yanmu mata a yau, kuma cikin goma sha bakwai ɗin, Daurama kaɗai ce ta rage a bakin jama'a.

Ita ce ta auri Bayajidda?

A labarin da aka ba mu muna yara, e, ita ce. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya zauna a Barno har ya auri 'yar sarki, ya gudo da ita da ya ga ana shirin halaka shi. Ya bar ta a Garun Gabas, ta wajen Haɗeja, inda ta haifi Biram. Ya bi ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa sai ta ce babu, domin wani maciji da ake kira Sarki ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya nufi rijiyar, ya kashe macijin ya yanke kansa. Da gari ya waye sarauniya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki. Masu ƙarya suka yi ta zuwa da kawunan macizai, har tsohuwa ta tuna da baƙonta. Da aka kawo shi ya fito da kan, sai ya ce shi ba ya son rabin gari, aurenta yake so.

Al'adar lokacin ba ta yarda magajiya ta kusanci namiji ba, don haka ta ba shi kuyangarta Bagwariya, wadda ta haifi Karɓagari. Daga baya aka warware wa sarauniya wannan ƙa'ida, ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida ne suka riƙe Daura da Katsina da Kano da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Kumayau shi ne na Katsina, Bagauda na Kano.

Ga inda mai lura zai tsaya. Idan Daurama ce ta tara, kuma mata takwas sun yi mulki a bayanta, to wadda ta auri Bayajidda har mulki ya koma ga ɗanta namiji dole ta zama ta ƙarshe. Shi ya sa wasu marubuta ke cewa matar Bayajidda ita ce Shawata, suna kiranta Daurama ta biyu. Wannan yana ƙarfafa maganar cewa kalmar laƙabi ce da fiye da mace ɗaya ta riƙe. Bakin jama'a dai ya haɗe su ya mai da su mace guda: wadda ta kafa gari, ta cika alkawari, ta haifi sarakuna.

A wane zamani ta rayu? Kuma tarihi ne ko tatsuniya?

Lissafin sarakunan Kano ya sa hawan Bagauda a shekarar 999. In jikanta ne kamar yadda labarin ya nuna, to zamaninta ya faɗa wajajen ƙarni na 10. Wasu masana sun haɗa Bayajidda da Abu Yazid, mutumin da ya yi wa daular Fatimawa tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a 947, suna ganin mabiyansa ne suka gangaro kudu. Wasu kuma, irin su Farfesa Abdullahi Smith na jami'ar Zariya, sun ƙi yarda cewa baƙo guda ne ya kafa ƙasashen Hausa. A ganinsu birane sun tsiro ne a hankali daga ƙauyuka da kasuwanni da wuraren tsaro.

Abin da ya shafi mai neman suna shi ne wannan: ko masu ja da labarin Bayajidda, jayayyarsu a kan baƙon take. Girman mata a sarautar Daura abu ne da ya bar sawu a fili. Har yanzu akwai sarautar Magajiya a fada, kuma masu binciken tarihin masarautar sun nuna cewa a da maganarta tana da nauyi har a kan sarki. Irin wannan sarauta ta mata, a Gobir akwai Inna, a Barno akwai Magira. Saboda haka mai saka wa 'yarsa Daurama ba a kan iska ya gina sunan ba.

Malam, ya halatta Musulmi ya raɗa wa 'yarsa wannan suna, tunda ba na Larabci ba ne?

Wannan ce tambayar da ta fi hana mutane barci, kuma ta cancanci a zauna a kanta.

Abin da malamai suka tsaya a kai game da suna shi ne ma'anarsa. An hana sunan da ke nuna bauta ga wanin Allah, da sunan da ya keɓanta da Allah Shi kaɗai, an kuma ƙi sunan da ke da mummunar ma'ana ko tsarkake kai. Manzon Allah (SAW) ya canza sunaye a kan waɗannan dalilai. Wata 'yar Sayyadina Umar tana da suna mai ma'anar mai saɓo, ya mai da ita Jamila. Matan Manzo biyu, Zainab da Juwairiyya, da can Barra ake kiransu, wato mai yawan biyayya ga Allah, ya sauya saboda akwai yabon kai a ciki. Amma bai bi sahabbai ɗaya bayan ɗaya yana sake musu suna don kawai an raɗa musu shi kafin Musulunci ba. Nana Khadija da sunanta ta karɓi saƙo, kuma suna ne da Larabawa ke sakawa tun kafin wahayi. Haka Umar da Usman da Hindu. Mariya, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzo, daga Masar ta zo, da sunanta ta zauna. Shi kansa Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ, malaman Larabci suna lissafa su cikin sunayen da asalinsu ba Larabci ba ne.

In aka auna Daurama a wannan ma'auni, babu shirka a cikinsa, babu zagi, babu da'awar tsarki. Sunan gari ne da nuni ga mai riƙonsa. Wanda ya ce akwai girman kai a kiran yarinya da laƙabin sarauniya, sai a tuna masa da Amira, wanda ya cika makarantunmu, ma'anarsa kuwa shugaba ce ko gimbiya. A tuna masa kuma da Bilkisu, da muke yi wa laƙabi da Maigado. Alƙur'ani ya kawo labarin sarauniyar Saba'i a Suratun Namli bai ambaci sunanta ba, daga littattafan tafsiri muka samo shi, muka kuma rungume shi hannu bibbiyu.

Sai dai akwai gaskiyar da ba za a ɓoye ba. Sarauniyar Saba'i ta miƙa wuya tare da Annabi Sulaiman, Alƙur'ani ya shaida. Ita kuwa Daurama, zamaninta ya gabaci kafuwar Musulunci a fadojin ƙasar Hausa, domin sai a zamanin Sarkin Kano Yaji, a ƙarni na 14, Wangarawa suka zo da shi fada, a Katsina kuma Muhammadu Korau na ƙarni na 15 ake ɗauka Musulmin sarki na farko. Don haka wanda ya ce ya fi son 'yarsa ta ci sunan Nana Fatima ko Nana A'isha domin neman albarka, ya zaɓi mafi falala, ba mai ja da shi. Halacci daban, fifiko daban. Ni abin da nake ƙi shi ne a haramta abin da ba a haramta ba, a sa mutum ya ji kunyar harshen uwarsa. Duk da haka, wannan bayani ne, ba fatawa ba. A je wurin limamin unguwa ko malamin da aka amince da iliminsa, a gaya masa ma'anar sunan, a ji ta bakinsa kafin ranar suna.

Maganar macijin fa? Ba za a ce sunan yana da alaƙa da iskoki ba?

A cikin labarin, macijin bala'i ne da ya addabi gari, ita kuma sarauniya lada ta bayar da aka kawar da shi. Akwai masana da ke fassara shi a matsayin alamar tsohuwar bauta da aka rusa. Ko a wannan fassarar, a zamaninta aka rusa ta. Sunan macijin Sarki, kuma ba wanda ya daina kiran mai martaba sarki saboda haka.

To me ya sa sunan ya yi ƙaranci haka?

Sai an duba yadda Bahaushe ke saka suna kafin a gane. Tun da Musulunci ya zauna, yaro yakan tashi da suna biyu. Akwai sunan yanka, wanda uba ke zaɓa, a yi wa jariri huɗuba da shi, ranar bakwai liman ya raɗa, a yanka rago, maroƙi ya shelanta, a raba goro da dabino ana Allah ya raya. Wannan gurbi na sunayen annabawa da sahabbai da iyalan gidan Manzo ne. Sannan akwai sunan da mata ke kira a cikin gida, kuma a nan Hausa ta samu mafaka. Wadda aka haifa ran Lahadi Ladi ce, ta Litinin Tani ko Altine, sai Talatu, Laraba, Lami, Jummai, Asabe. Wadda ta biyo maza Kande ko Delu, wadda ta biyo tagwaye Gambo, ta lokacin salla Tasalla, ta watan azumi Azumi, ta tsakiyar damina Marka. Manyanmu ma haka suka rayu da suna biyu. Korau da Rumfa da Dikko duk Muhammadu ne, amma da na biyun tarihi ya riƙe su. Waliyan Katsina, Ɗan Marina da Ɗan Masani, da laƙabinsu na Hausa duniya ta san su.

Daurama bai samu shiga ko ɗaya daga gurbin biyu ba. Ba sunan sahabiya ba ne balle ya zama na yanka. Ba ya kuma nuna rana ko yanayin haihuwa balle kaka ta laƙaba shi. Ƙari a kan haka, Bahaushe yana jin nauyin abin da ya shafi fada. Talaka a da ba ya ɗaukar laƙabin sarauniya ya ɗora wa 'yarsa haka kawai. Dubi Amina ta Zazzau. Ita ma sarauniya ce, amma sunanta ya bazu ko'ina domin sunan mahaifiyar Manzon Allah ne, sarautar ta zo ta tarar da shi.

Sannan akwai al'adar takwara. Yawancin 'ya'yanmu mata sunan kaka ko gwaggo ko uwar miji suke ci. Sunan da babu mai shi a dangi ba shi da ƙofar shiga, sai dai wani ya yi ƙarfin hali ya fara.

Abin da ya fi damuna shi ne na zamanin nan. Idan yarinya ta ci sunan kakarta, ana yi mata alkunya don kada a riƙa kiran sunan babba gatsau. Da can Ummi ko Mama ko Inna ko Hajiya ake cewa. Yanzu wannan gurbi ya koma na Afnan da Ilham da Hanan da Siyama da Walida. Sunaye ne masu daɗi, ba laifi a cikinsu, amma da yawan masu saka su daɗin furuci suka bi. Ka tambayi uwa ma'anar Afnan, ba kowace za ta ce maka rassan itace ba ne, kalmar da ta zo a Suratur Rahman wajen siffanta gidajen Aljanna. A lokaci guda an mai da Ladi da Kande sunayen ƙauye, yarinya ta shiga sakandare ta ɓoye nata. Wato ɗan gurbin da Hausa ta riƙe shekaru aru-aru yana suɓucewa, kuma a wannan gurbin ne Daurama ya fi dacewa ya zauna.

Inda sunan ke raye a yau shi ne jikin allunan shaguna da wuraren kasuwanci, da bakin mawaƙa da maroƙa idan za su koɗa mace 'yar Daura, da kuma sunayen da 'yan mata ke zaɓar wa kansu a Facebook da Instagram. Wannan na ƙarshen yana nuna cewa sha'awar tana nan, iyaye ne ba su kai ga rubuta shi a takardar haihuwa ba.

Sai 'yar gidan sarauta ko 'yar Daura ce za ta iya amsa shi?

A'a. Bahaushe ya saba mai da laƙabin sarauta suna. Akwai masu amsa Yarima da Ciroma da Magaji da Galadima da Maikano waɗanda ba a taɓa naɗa musu rawani ba, akwai mata masu amsa Gimbiya da Kilishi. In kuwa an bi labarin Hausa Bakwai, Bakatsine da Bakano da Bazazzagi da Bagobiri duk jikokinta ne, har da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Tasawa a ƙetaren iyaka. Wanda ke zaune a cikin birnin Daura kusa da fada, ko yake da alaƙa da gidan, ladabi ne ya shaida wa manyansa niyyarsa kafin ranar suna, kamar yadda ake yi a kowane al'amari.

Wanne ya fi, Daurama ko Magajiya?

Magajiya ya fi yawa a gidaje, domin ana laƙaba shi ga yarinyar da ake sa ran ta gaji uwa ko kaka, kamar yadda ake ce wa namiji Magaji. A fadar Daura kalma ce mai daraja ƙwarai. Sai dai a Hausar yau ana amfani da ita ga shugabar 'yan bori da shugabar mata masu zaman kansu, kuma yara a makaranta ba sa raga wa juna. Daurama bai ɗauko irin wannan kaya ba. Duk inda aka ambace shi, sarauniyar ce ke zuwa a rai.

Ana cewa suna linzami ne. Ba zai sa ta taso da son mulki, ta gagari miji ba?

Wasu iyaye maza suna faɗin haka da gaske, don haka a amsa musu da gaske. Tarbiyya ce ke gina hali, da addu'ar iyaye, da abin da yarinya ta gani a gidansu. In ma linzamin ne, a duba inda zai ja ta. Matar da labarin ya siffanta ta yi alkawari a gaban jama'a ta cika shi, ta bincika kafin ta ba da lada har ta gane masu ƙarya, ta yi aure, ta haihu, zuriyarta ta riƙe ƙasa. Uban da aka ce 'yarsa za ta yi waɗannan halaye, ai sai ya ce amin.

Ni ina so, amma Baba da Hajiya sun ce sai dai a saka sunan kaka. Yaya zan yi?

Ka bi su. Suna ba abin da za a ɓata da iyaye a kansa ba ne, musamman a haihuwar fari, inda al'ada ta ba su babban rabo. Kuma a nan ma damarka take. Idan an raɗa mata Hauwa'u don ta ci sunan Hajiya, ai ba mai iya kiranta Hauwa'u a gidan, dole a nemi na alkunya. Sai ka samu mai jego ku daidaita tun da wuri, ka kuma je wa Hajiya da maganar cikin ladabi: "Hajiya, takwararki ce, mu ba ma iya faɗin sunan, muna so mu riƙa ce mata Daurama in kin yarda." Da wuya kaka ta ƙi a kira takwararta da sunan sarauniya. Amma a yi shi tun kafin taron suna ya watse, domin sunan da mata suka fara kira ranar, shi ke bin yarinya har gidan miji.

In saka shi a matsayin sunan yanka, ko na biyu?

Shawarata, a haɗa. A ba ta sunan yanka daga cikin sunayen iyalan gidan Manzo ko sahabbai mata, a biyo da Daurama: Fatima Daurama, Khadija Daurama, Maryam Daurama. Hankalin kakanni ya kwanta, liman ya raɗa ba tare da tambaya ba, yarinya kuma ta tashi da suna biyu irin na magabatanta. In ta girma ta zaɓi wanda za ta fi amsawa.

Muhimmin abu shi ne a rubuta shi. Laƙabin da ya tsaya a tsakar gida yakan ɓace ranar da aka kai yarinya makaranta, malami ya rubuta sunan yanka da na uba kawai. A sa shi a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a gurbin suna na tsakiya, sannan a tabbata haka aka rubuta a rajistar firamare da lambar NIN. Tun 2021 ba a rajistar jarabawar JAMB sai da NIN, kuma saɓanin harafi guda tsakanin takardu yana iya jawo zirga-zirga a lokacin da ake cikin sauri. A tsaya kan rubutu ɗaya, Daurama, kada wani wuri a sa Daurema ko Dawrama.

Ina za a kai yarinya ta ga tarihin sunanta?

Rijiyar Kusugu tana nan a cikin birnin Daura, an kewaye ta da gini, masu ziyara suna zuwa har su sha ruwanta. Fadar Sarkin Daura ma tana kusa. Daga Katsina tafiyar kimanin kilomita 80 ce. Lokacin da ya fi armashi shi ne Sallar Gani, a watan Rabi'ul Awwal, sa'ad da hakimai daga Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa ke hallara a yi hawa. Gidan da ke sarauta a yau shi ne tsohon gidan Haɓe. Jihadi ya fitar da su daga birnin wajen 1805, suka riƙe sarautarsu a Zango da Baure, sannan Turawa suka dawo da Sarki Musa kan gadon Daura a 1906. Shi ya sa a Daura ake ba da labarin Daurama a matsayin labarin kakar gida.

Akwai wasu tsofaffin sunayen mata irinsa da za a iya dubawa?

Daga jerin magajiyoyin, Innagari da Shawata da Gamata suna da daɗin furuci, sai dai mutane ba su san su ba, yarinya za ta yi ta bayani duk inda ta je. Zariya, wadda ake cewa ƙanwar Sarauniya Amina ce kuma birnin ya ci sunanta, ya fi sauƙin karɓuwa. Cikin sunayen gida kuwa, Kyauta da Tasalla da Azumi da Auta ma'anarsu a fili take, ba mai buƙatar a fassara masa.

Ni babba ce, tun ina ƙarama ake kirana Daurama amma ba ya cikin takarduna. Zan iya ƙara shi?

Za ki iya. Ana zuwa kotu a yi takardar rantsuwa ta ƙarin suna, a buga sanarwa a jarida, sannan a kai wa hukumar da ke ba da NIN ta gyara, daga nan banki da ofishin fasfo su bi. Takardun jarabawar da kika riga kika karɓa za su ci gaba da ɗaukar tsohon sunan, don haka ki adana takardar rantsuwar da shafin jaridar tare da su, domin duk inda aka ga bambanci su za a nema. In kina tsakiyar karatu ko kina shirin tafiya aikin Hajji, ki bari sai kin kammala kafin ki taɓa sunan.